Azumin da Rubutuna Ya Ƙi Fitowa

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, Shi da ke kawo damina a lokacinta, ko mun gyara rufi ko ba mu gyara ba.

Yau kwana uku ana marka a Gyadi-Gyadi. Ruwan ba mai ƙarfi ba ne, amma ba ya ɗaukewa. Kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, masu Adaidaita Sahu sun daina shigowa, sai dai su sauke mutum a bakin titi ya naɗe ƙafar wando ya ƙarasa. Da hantsi na ɗauko takarda zan yi rubutu, na ji ta yi laushi a hannuna. Ina ɗora alƙalami tawada ta baje. Wannan bajewar ce ta mayar da ni wani azumi da ya faɗo a tsakiyar damina, shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da rubutun hannuna ya ƙi fitowa daga injin buga takarda, lafiyar yayana kuma tana rataye da fitowarsa.

Wanda bai yi azumin damina ba yakan ce ai mai sauƙi ne, tunda akwai sanyi. Sanyin na safe ne. Da rana ta leƙo bayan ruwa, ƙasa takan yi tururi, riga ta manne wa mutum a baya, ga yinin dogo, sai ka yi ta duban yamma rana ta ƙi sauka. Tsohon gero ya ƙare a rumbuna, sabo bai nuna ba, saboda haka kunun gidanmu a shekarar ruwa-ruwa yake. Itace a jiƙe. Tun azahar mata ke fara fama da murhu, hayaƙi ya cika tsakar gida, idanu su yi jajur, kafin wuta ta yarda ta kama. Wutar lantarki kuwa, da hadari ya haɗo ake ɗauke ta, wani lokaci sai bayan kwana biyu. Gidajen mai layi ne har ya karya kwana. Mata na layinmu sukan haɗa waken ƙosai a bokiti ɗaya su kai inji guda da ya samu mai, a dawo a raba da ludayi, ba a taɓa jin an yi faɗa a kan rabon ba.

Gidana a Gyadi-Gyadi yake, na yayana, Yaya Haruna, a Tarauni, bayan kasuwa inda yake sayar da hatsi. Kullum bayan la'asar kwanon ƙosai ya tafi can, kwanon kunu ya zo nan, a bayan acaɓa, don a lokacin babura ne suka cika gari. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya koya min fiƙe alƙalami, shi ya riƙe hannuna ranar da na fara rubutu a takarda. Bai yi boko ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba. In aka miƙa masa takardar boko, sai ya juya ta sama da ƙasa ya miƙa wa na kusa. Amma in ya ga guntun rubutun ajami a ƙasa, ko na tallan magani ne, sai ya sunkuya ya ɗauke ya sa a aljihu.

Ya daɗe da ciwon suga. A shekarar nan ciwon ya yi ƙarfi har aka mayar da shi kan allura safe da yamma, likita kuma ya ce bana kada ya yi azumi. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya dawo gida ya ɗaura niyya.

Ran uku ga wata 'yarsa Rakiya ta biyo ta gidana daga aiki. Nas ce a babban asibiti. Ta shigo da farin takalminta duk taɓo, ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire jakarta ba.

"Baffa, ni na gaji. In na yi magana ya ce shi ya yanka min ragon suna. Likita ya yi magana ya ce likita ba liman ba ne. Jiya da la'asar hannunsa rawa yake, kofi ma ya kasa riƙewa."

Na ce, "To ni me zan yi, Rakiya? Ni ma ƙaninsa ne. Da furfurata da komai, har yau 'kai yaro' yake ce min."

"Ba bakinka nake so ba, Baffa. Hannunka nake so."

Ta fito da takarda. Likitansu ya rubuta bayani a taƙaice ga masu suga: wanda zai iya azumi, wanda bai kamata ya yi ba, da alamomin da in mutum ya ji su ya sha ruwa nan take. Tana so in mayar da shi ajami, in ƙara abin da littattafanmu suka faɗa a kan rangwamen da aka yi wa mara lafiya, a buga boko a sama ajami a ƙasa, a raba wa tsofaffin da ke zuwa ganin likita. Na ce me zai hana in rubuta kawai in kai masa.

"In ya ga takardarka zai ce mun haɗa baki. Amma in ya ga bugaggiya, irin wadda ake ba kowa, zai san ba don shi kaɗai aka yi ba."

Ta san ubanta. Washegari bayan asuba na dama yambari, baƙar tawadar nan da muke rubutun takarda da ita, na fiƙe sabon alƙalami, na buɗe da bisimilla. Layi goma sha huɗu ne, amma sai da na lalata takarda uku saboda danshi.

Shagon da muka kai aikin ɗan ƙarami ne a bakin titi, kusa da kotu. Mai shi Madam Ngozi, amma kowa Maman Uche yake ce mata. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Kwamfuta ɗaya, injin buga takarda ɗaya, injin fotokwafi, da ƙaramin janareta a waje an kifa masa kwano saboda ruwa. Ta duba rubutuna ta riƙe shi ta gefe-gefe, ba ta taɓa tsakiya ba, na lura da wannan.

"Malam, kwamfutar nan ba ta da baƙaƙenku. Hotonsa zan ɗauka in saka shi cikin takardar, ƙarƙashin bokon."

Ta kifa takardata a kan wani gilashi, haske ya bi ta ƙarƙashi, sai ga rubutuna a fuskar kwamfuta, har ɗigon da alƙalami ya zubar a gefe. Ta ja shi ta daidaita. Daidai nan hadari ya taso, iska ta fara dukan ƙofa, janareta na tari. Ta danna, injin ya turo takarda, ta kife ta ta zura a leda ta miƙo min. Ban duba ba. Ita ma ba ta duba ba. Na tari acaɓa na nufi Tarauni ruwa na dukan mu.

Na tarar da Yaya a zaure, ya jingina da buhun dawa, leɓɓansa sun bushe. Na ce ga takarda daga asibiti, an yi ta har da ajami. Ya goge hannu a riga ya karɓa da hannu biyu. Ya zaro ta, ya duba, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Ina ajamin?"

Na karɓa. Bokon na nan a sama, layi-layi. Daga tsakiya zuwa ƙasa fari fat. Ko ɗigo babu.

"Kai ka rubuta?"

"Ni na rubuta, Yaya."

"Da bisimilla?"

"Da bisimilla."

"Ka gan shi ya shiga injin da idonka?"

"Na gani."

Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda aka ba amsar tambayar da ya daɗe yana yi.

"To ka gani, yaro. Na boko ya fito, tunda shi ba ruwansa. Wanda aka buɗe da sunan Allah, aka ce a cikinsa Haruna ya sha azumi, shi ya ƙi fitowa. Me kake so a ƙara nuna maka?"

Na ce matsalar inji ce. Na zaro ainihin rubutun daga aljihuna na miƙa masa. Ko kallonsa bai yi ba.

"Mayar da abinka. In maganar gaskiya ce, ta fito daga inda ta ƙi fitowa. Ran da ta fito ka kawo min, zan karanta."

Haka muka jawo wa kanmu. Da ban kai masa komai ba, da da sauran magana. Yanzu ya samu aya.

Washegari na koma shagon. Maman Uche ta buɗe takardar, ga rubutuna zaune a fuskar kwamfuta. Ta danna. Fari. Ta kashe injin ta kunna, ta zare waya ta hura ta mayar. Fari. Ta ciro wani dogon baƙin abu daga cikin injin, wanda garin tawadarsa ke ciki, ta girgiza shi ta mayar. Fari.

"Ko dai tawadarka ce ba ta yi baƙi sosai ba, Malam? Ka san injin nan tsoho ne, ba ya gani da kyau."

Na koma gida na sake dama tawada, na ƙara mata ƙaro har ta yi kauri, na rubuta da babban alƙalami. Ranar ba ta bushe ba sai da na riƙe takardar nesa da garwashi. Kwana biyu muka rasa, don janaretan ba mai. Ran da aka samu, ta sake ɗaukar hoton. Fari.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa Rakiya ba. Maganar Yaya ta fara shiga raina. Ina tafiya masallaci ina lissafi: ko na yi kuskure a hukuncin? Na koma na buɗe littattafan, hukuncin na nan yadda na san shi. Sai zuciya ta kawo wani abu. A majalisarmu ta bayan la'asar wani dattijo ya ce, "Malam Ɗahiru, kai ma da saninka. Ka ɗauki bisimilla ka ba wadda ba ta alwala, ka ce ta fito?" Na ce masa ba haka ba ne. Amma da safe, kafin in tafi shagon, sai na samu kaina ina sabunta alwala.

Na tsaya a gaban teburin Maman Uche ina ta kame-kame. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi danshin da ke gemuna.

"Malam, faɗi mana."

"Cewa na yi... ko za ki bari ni in danna?"

Na ji kunya ta rufe ni. Sai ta miƙe ta juyo min da kujerar.

"Zauna. Ni ma jiya sai da na yi masa addu'a irin tamu, bai ji ba. Gwada taka."

Ta nuna min inda zan danna. Na yi bisimilla a bayyane, na danna da yatsan dama. Injin ya yi gurnani ya ja takarda ya turo. Fari.

"To," in ji ta, "yanzu mun zama ɗaya. Tashi ka ba ni kujerata."

Na yi dariya, amma cikina ba daɗi, don na san abin da na zarge ta da shi, ita ma ta sani.

Ran tara ga wata Rakiya ta same mu a shagon. Ta rame. Ta ce da safe ta auna jinin babanta, abin da ta gani bai yi mata daɗi ba, ta roƙe shi har da kuka, ya ce ta tashi ta tafi aiki. Maman Uche ta saurara, sannan ta jawo almakashi.

"Ku ji. Abu mai sauƙi. In yanke rubutun Malam, in manna shi a farin wurin, in sa a fotokwafi. Minti biyu. Ba mai gane bambanci."

Fuskar Rakiya ta washe. "Yi, Madam. Don Allah yi."

Na ce a'a.

Suka juyo suna kallona. Na ce Yaya zai tambaye ni ko daga inda ta ƙi fitowa ta fito, don na san shi, kalmar da ya faɗa ba ya mance ta. In na ce e, na yi masa ƙarya da azumi a bakina, a kan maganar addini. In daga baya ya gano, ba zai sake yarda da ni ba, ba zai sake yarda da ita ba, har allurar ma sai ya daina.

"Baffa, mutum na mutuwa kana maganar wane inji ne ya buga?"

"Rakiya..."

"Gaskiyar da ke jikin takardar ta canja ne don an manna ta da gam? Ubana ne fa!"

"Yayana ne."

Ta ɗauki jakarta ta fita cikin yayyafi, ba sallama. Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi min haka ba.

A yammacin ranar, saura kamar awa ɗaya a sha ruwa, aka aiko ɗan acaɓa ya ɗauke ni. Yaya ya faɗi a rumfarsa. Na tarar an kwantar da shi a kan buhuna, gumi mai sanyi ya jiƙa masa riga, yana magana ba a gane ta. Rakiya na durƙushe da kofin ruwan suga, shi kuma ya datse haƙora, yana kau da kai. Da sauran hankalinsa, kuma da shi yake ƙi. Sai da ta yi masa allura irin ta aikinsu, makwabtan rumfa suka riƙe shi. Da ya dawo daidai, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kira salla. Rakiya ta dube ni sau ɗaya. Har yau, in na tuna almakashin nan, ban san ko daidai na yi ba. Na dai san da ya tafi a yammacin nan, da ban yafe wa kaina ba.

Washegari tun kafin a buɗe shagon ina tsaye a ƙofa. Ba a jima ba sai ga Rakiya, ta nemi wata ta riƙe mata aiki. Ta gaishe ni a gajarce. Ita ta zo da galan ɗin mai, ban san layin da ta bi ta samo shi ba.

Ta ja benci ta zauna kusa da Maman Uche. "Madam, kwana shida kuna maimaita abu ɗaya. Mu a wurinmu, in mara lafiya ya ce abinci na ba shi ƙaiƙayi, ba ma ce masa ya yi ta ci. Canja masa muke, mu ga ko abincin ne ko jikinsa. Cire rubutun Baffa. Sa wani hoton, kowane iri."

Maman Uche ta bincika cikin ayyukan mutane, ta samo takardar jarrabawar wata makarantar firamare da ta buga watannin baya. Akwai zanen akuya, an ce yara su faɗi sunayen sassan jikinta. Ta ɗauko akuyar ta saka a gurbin rubutuna. Ta danna.

Bokon ya fito. Akuya babu.

Muka tsaya muna kallon farar takarda. Maman Uche ce ta fara.

"Malam, ita ma akuyar alwala ce ba ta yi ba?"

Rakiya ta kife kai a gwiwa tana dariya, dariyar da ta kusa zama kuka. Ni kuwa wani nauyi na ji ya sauka daga ƙirjina, wanda ban san na ɗauka har haka ba. Ba bisimilla ba ce. Ba hukuncin ba ne. Ba matar nan ba ce. Hoto ne kawai ba ya fita, kowane iri.

"Saura mu san inda ciwon yake," in ji Rakiya. "Injin ne ko kwamfutar? Za ki iya buga akuyar ita kaɗai, ba cikin takardar ba?"

Maman Uche ta rufe takardar, ta buɗe hoton shi kaɗai, ta danna. Sai ga akuya ta fito, da ƙaho da gemu, baƙa ƙirin.

"To injin lafiyarsa ƙalau," in ji Maman Uche a hankali. "In hoto na waje, ya fita. In yana cikin takardar rubutu, ya maƙale." Ta koma takardar, ta buɗe wani wuri da ake leƙa yadda shafi zai fito kafin a buga. A can ma gurbin fari ne. "Ashe tun daga nan yake ɓacewa. Shi injin abin da aka aika masa yake bugawa. Ba a aika masa ba ne."

Sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni. Mai gyara!"

Ta ba mu labari. Kafin azumi garin tawadar injin ya yi wuya a kasuwa, ɗalibai kuma suna ta kawo ayyuka masu manyan tambura da zane-zane, suna shanye mata shi, alhali gwaji kawai suke so su kai wa malamansu. Ta yi wa mai gyaran kwamfuta kuka, ya taɓa wani abu ya ce daga yau haruffa kaɗai za su riƙa fita, in tana son hoto ta mayar. Ya nuna mata wurin, tana sallamar wani ba ta kula ba. Daga nan ɗalibai suka tafi hutu, aikin da ke zuwa duk wasiƙu ne da takardun rantsuwa na kotu, ba mai hoto ko ɗaya. Sai ta mance.

Neman wurin ya ɗauke mu kusan awa. Lambar mai gyaran ba ta shiga. Ta buɗe nan ta rufe, ta buɗe can, Rakiya na karanta mata Turancin, ni ina bakin ƙofa ina sauraron janareta, duk tarin da ya yi sai gabana ya faɗi. Can cikin saitin manhajar rubutun, a sashen bugawa, suka tarar da jerin 'yan akwatuna, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Ɗaya daga ciki shi ke cewa a buga zane da hoto. Ba alama a cikinsa. Wannan ɗan gurbin, da ƙyar idona ya gan shi, shi ya hana mu barci kwana shida.

Maman Uche ta sa alamar. Ta cire akuya ta mayar da rubutuna. Ta leƙa, ga shi. Ta danna.

Injin ya daɗe yana tunani fiye da kullum. Sannan ya ja takarda. Na ga bokon ya fito, sai farin layi, sai ga kan bisimilla ya leƙo, sai layi na biyu, na uku, har goma sha huɗu. Takardar da ɗumi na karɓe ta. Maman Uche ta ce, "Duba da kyau wannan karon, Malam." Na duba har sau uku. Na ce mata ta yafe min abin da ya wuce. Ta ce, "Wanne? Je ka, yayanka na jira." Ta tura min takardar da akuya ta ƙi fitowa, da wadda ta fito. "Tafi da waɗannan ma. Shaidu ne."

Yanzu shagon babu shi, an yi kantin magani a wurin. Rubutun ajami kuwa, jikokina da waya suke ɗaukar sa su aika har ƙasar waje kafin in rufe kwalbar tawada. Sauran kwafen da aka buga a ranar Rakiya ta raba su a asibiti, ban san hannun da suka shiga ba. Tawa guda ɗaya ce, na sa ta a leda, na cusa cikin riga, na hau acaɓa. Rakiya ta ce ba za ta bi ni ba. "In ina wurin ba zai iya ba, Baffa."

An idar da azahar na isa. Bai fita kasuwa ba ranar. Yana kwance a ɗakinsa a kan tabarma, ya ɗauki azumin duk da abin da ya faru jiya. Na zauna na miƙa masa. Ya tashi da ƙyar ya jingina da bango, ya matsa kusa da hasken ƙofa. Ya ɗora yatsa a kan bisimilla, ya fara bi daga dama, leɓɓansa na motsi. Bai yi sauri ba. Da ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Daga inda ta ƙi fitowa ta fito?"

"Daga nan, Yaya."

"Injin dai shi ne? Matar ita ce?"

"Shi ne. Ita ce."

"To me ya riƙe ta?"

Na shimfiɗa masa takardun biyu, na ba shi labarin akuya tun daga farko, har alwalar da na sabunta ban ɓoye masa ba. Ya dubi farar takardar, ya dubi akuyar. Kafaɗunsa suka fara motsi. Dariya yake, ba sauti, don ba shi da ƙarfinta.

"Akuya," ya ce. "Kwana shida ina fassara abin da ya hana akuya fitowa."

Sai dariyar ta tsaya. Ya mayar da ido kan rubutun, ya daɗe a kan layin da ke maganar rangwame. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, a hankali.

"Tun ina ɗan shekara tara ban sha azumi ba, Ɗahiru."

Ran nan ne na fara jin ya kira sunana ba da 'yaro' ba.

"Na sani, Yaya."

"Ba yunwar nake so ba. Ka gane? In kowa na yi ni ba na yi, ji nake kamar an fitar da ni daga sahu."

"Wanda Ya ce a yi, Shi Ya ce mara lafiya ya dakata. Duk sahu ɗaya ne."

Ya naɗe takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Tura ƙofar nan. Kada iyali su gani." Na tura. "Ɗebo ruwa a randa."

Na ɗebo a moɗa na kawo. Ya miƙo hannu, sai ya janye shi.

"Kai za ka ba ni. Kai ka rubuta. In da laifi, da kai a ciki."

"Na ɗauka."

Na durƙusa, na tallafi ƙeyarsa da hannun hagu, na kai moɗar bakinsa. Ya yi bisimilla. Ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya, idonsa a rufe, hawaye na bin gefen hancinsa. Sannan ya ci gaba da sha, ruwan na zuba a gemunsa, sanyinsa na bin yatsuna. Ban san maƙogwarona ya motsa ba sai da ya buɗe ido ya gan ni.

Ya ture moɗar kaɗan.

"Kau da kai mana," ya ce. "Kai mai azumi ne."